Me ya sa sabuwar lamba ke manne wa tsohuwa a kwamfutar akawu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tagar ofishin lodi a ɗaya daga cikin manyan rumbunan ajiyar kaya da ke Hotoro, ko a bakin sikelin auna motoci a Sharada, ya san yadda akawu ke aikinsa. Idonsa na kan takardar da direba ya miƙo masa, hannunsa na hagu na kan maɓallin Tab, na dama kuma na kan lambobi. Ba kasafai yake ɗaga kai ya dubi fuskar kwamfuta ba, domin motoci sun yi layi a waje, kuma kowane direba so yake ya kama hanya tun da sauran rana.

A cikin wannan gaggawa akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke yanke hukunci kan lissafin ranar, alhali ba a cika lura da shi ba. Idan akawu ya shiga gurbin da ake rubuta yawan kaya ya iske wata lamba a ciki, ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai manhajar ta lulluɓe tsohuwar lambar da shuɗi, ta yadda duk abin da ya buga zai maye gurbinta, ko kuma ta bar ta yadda take, sabuwar lambar ta je ta manne mata. A hali na farko, katan 5 zai fito katan 5. A hali na biyu, idan gurbin na ɗauke da 1 tun farko, abin da zai fito a takarda shi ne 15 ko 51.

Wannan shuɗi ba haka kawai yake bayyana ba. Umarni ne da ke cikin manhaja, ko dai wanda ya gina ta ya rubuta shi da hannunsa, ko kuma ya gaje shi daga kayan aikin da ya yi ginin da su. Batun ya ƙara muhimmanci tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10. Duk masana'antar da ta tashi sauya kwamfutocinta, a Bompai take ko a Challawa, tana iya samun kanta tana sauya tsohuwar manhajar sito ko ta ciniki a lokaci guda. Sabuwar na iya fin tsohuwar kyau da sauri, amma idan halinta a bakin gurbi ya bambanta, hannun akawun da ya shekara goma yana aiki da tsohuwar bai san an yi sauyi ba.

Lambobi biyu ne kacal

A idon mai aiki, zaɓaɓɓen rubutu shi ne wanda shuɗi ya rufe. A wurin kwamfuta kuwa, lambobi biyu ne kawai take riƙewa: inda zaɓin ya fara da inda ya ƙare. Ba haruffan take ƙirgawa kai-tsaye ba, tazarar da ke tsakaninsu take bai wa lamba, kuma daga sifili take farawa.

A ɗauki kalmar Sharada, mai haruffa bakwai. Tazarar da ke gaban harafin farko ita ce 0, wadda ke bayan na ƙarshe kuma ita ce 7. Idan aka ce a zaɓa daga 0 zuwa 7, duk kalmar za ta yi shuɗi. Idan aka ce daga 0 zuwa 3, haruffa uku na farko ne za su yi. Idan kuma aka ce daga 7 zuwa 7, babu abin da aka zaɓa, sai ɗan siririn layin nan mai ƙyaftawa ya tsaya a ƙarshen kalmar. Ke nan wannan layi, wanda ke nuna inda rubutu zai sauka, shi ma zaɓi ne, sai dai tsawonsa sifili.

Daga nan ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da komai. Duk abin da aka buga yana maye abin da ke tsakanin lambobin biyu. In akwai rubutu a tsakaninsu, ya tafi. In babu, sabon harafi ya kutsa ya zauna kusa da na da.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne, komai yawan gurabun da ke fuskar kwamfuta, guda ɗaya ne ke karɓar rubutu a lokaci guda. Idan akawu ya danna Tab, ko ya latsa wani gurbi da linzamin kwamfuta, wato maus, aikin karɓar rubutu ya koma can, kuma babbar manhaja na sanar da manhajar sito cewa an shigo gurbi kaza. A daidai wannan lokaci ne maginin manhaja ke da damar cewa a zaɓi komai, ko a zaɓi wani sashe, ko a ajiye layin a ƙarshe.

Inda abin ya samo asali

Ranar 9 ga Disamba, 1968, a birnin San Francisco na Amurka, Douglas Engelbart ya nuna wa taron masana yadda ake nuna rubutu a fuskar kwamfuta da linzami. Amma ƙa'idar da ake aiki da ita yau ta nuna ne a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto, a tsakiyar shekarun 1970.

A wannan cibiya an fara gina manhajar rubutu mai suna Bravo a 1974, aikin Butler Lampson da Charles Simonyi. Bravo na da yanayi biyu: a ɗaya, maɓallan na rubuta haruffa, a ɗayan kuma kowane harafi umarni ne. Akwai labarin da ya shahara tsakanin masana kan haɗarin wannan tsari. Idan mutum ya manta yana yanayin umarni ya buga kalmar Ingilishi mai haruffa huɗu da ke nufin gyara rubutu, harafin farko zai zaɓi duk abin da ke cikin takardar, na biyu ya goge shi, na uku ya buɗe yanayin rubutu, na huɗu kuma ya zauna shi kaɗai a madadin aikin yini guda.

Larry Tesler da Tim Mott suka ɗauki wata hanya a manhajar Gypsy, wadda suka kammala a 1975 domin ma'aikatan wani kamfanin buga littattafai mallakar Xerox. Tsarinsu shi ne a fara nuna abin da ake so, sannan a aikata masa abin da za a aikata. Daga nan yanke rubutu da kwafarsa da manna shi suka samo siffar da aka san su da ita. Tesler ya koma kamfanin Apple a 1980, tsarin ya shiga kwamfutar Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, daga baya ya zama ruwan dare a Windows. Ya rasu a watan Fabrairu, 2020.

Darasin Bravo bai tsufa ba. Zaɓar komai na sauƙaƙa maye tsohon rubutu, kuma da sauƙin nan ne ake hallaka rubutun da ba a yi niyyar taɓawa ba.

Kuskuren da bai yi kama da kuskure ba

Hotoro unguwa ce da aka sani da defon mai na NNPC da tankoki da manyan motoci. A ce gurbin lita na ɗauke da 33000 daga motar da ta gabata, akawu ya shiga ya buga 45000 ba tare da an zaɓi tsohuwar lambar ba. Abin da zai fito shi ne 3300045000. Wannan kuskure ba shi da haɗari sosai, domin ko yaro ya gan shi ya san babu tankar da ke ɗaukar lita biliyan uku.

Wanda ke cutarwa shi ne mai kama da gaskiya. Manhajoji da yawa na ajiye 0 ko 1 a gurbin adadi tun kafin a rubuta komai. Idan 0 ne, layin kuma ya tsaya a farkon gurbi, buhu 45 zai zama 450. Idan 1 ne, dozin 2 zai zama 12 ko 21. Babu ɗaya daga cikin waɗannan lambobi da zai tayar wa mai duba takarda hankali a masana'antar robobi ta Sharada da ke fitar da bokitai da butoci da silifa dubbai, ko a majemar Challawa inda ake ƙirga fatu da yawa a kullum.

Kuma kuskuren ba ya tsayawa a gurbi ɗaya. A ce katan ɗaya naira 20,000 ne. Katan 5 zai kama naira 100,000, harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairu, 2020, zai zama naira 7,500. Idan 51 aka shigar, kuɗin ya koma naira 1,020,000, harajin kuma 76,500. Lissafin sito ya nuna katan 46 sun fita alhali suna nan a jibge, ko kuma a loda su da gaske a mota. Ranar ƙidayar kaya, wanda za a fara tuhuma shi ne mai kula da sito ko akawu ko direba, mutanen da albashinsu bai kai ya biya giɓin ba, kuma mutuncinsu ne ke kan layi. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Na'urar karanta lambar kaya, wadda ake haska wa zanen layukan da ke jikin katan, ita ma tana faɗawa wannan rami. Yawancinsu kwamfuta na ɗaukarsu ne tamkar allon rubutu: suna buga lambobin da sauri, sannan su danna Enter. Na'urar ba ta ganin abin da ke cikin gurbi. In tsohuwar lamba na nan ba a zaɓe ta ba, lambobin kaya biyu za su haɗu su zama ɗaya. Haka abin yake ga ƙananan manhajojin da ke ɗauko nauyi daga sikelin mota su buga shi a gurbin da ke buɗe.

Manyan bankunan duniya ma ba su tsira ba. A watan Fabrairu, 2025, jaridar Financial Times ta ruwaito cewa a watan Afrilu, 2024, bankin Citigroup ya zuba dala tiriliyan 81 a asusun wani abokin hulɗa maimakon dala 280. Bisa rahoton, an yi aikin ne a wata manhajar ko-ta-kwana da ba a cika amfani da ita ba, wadda gurbin kuɗinta ke zuwa cike da sifili 15 da ya kamata ma'aikaci ya goge kafin ya rubuta adadi, kuma ba a goge su ba. Ma'aikatan biyu na farko ba su lura ba, sai na uku ya gano bayan kimanin minti 90. An janye kuɗin bayan wasu sa'o'i, babu ko kwabo da ya fita daga bankin. Asalin matsalar dai irin ta tagar lodi ce: gurbi ya zo da abu a ciki, an dogara ga hannun ɗan Adam ya share shi.

Yadda ake ba da umarnin

Kowane kayan ginin manhaja na da hanyarsa, amma duk abu ɗaya suke yi, wato saita lambobin nan biyu. A can ƙasan Windows akwai saƙo mai suna EM_SETSEL da ake aika wa gurbi tare da lambar farawa da ta ƙarewa. Idan aka ba shi 0 da -1, ya zaɓi komai. A Visual Basic 6, wanda ya fito a 1998 kuma aka gina ɗimbin manhajojin shaguna da shi, ana saita SelStart da SelLength, wato mafari da tsawo. A Windows Forms akwai SelectAll don zaɓar komai, da Select don zaɓar sashe. Java da Qt na da selectAll. Masu aiki da Python da Tkinter na amfani da selection_range.

Inda suka bambanta shi ne abin da suke yi idan ba a ce musu komai ba. A akwatunan tambaya na Windows na asali, shiga gurbi da Tab na zaɓar duk rubutun da ke ciki. Qt ma haka yake yi wa gurbi mai layi ɗaya. Amma WPF, wanda Microsoft ya fitar a 2006, ba ya yin haka sai an umarce shi. Saboda haka manhajar da aka sake ginawa daga tsohon tsari zuwa WPF na iya rasa wannan hali ba tare da wani ya yi niyya ba, kuma mai ginin ba zai gani ba idan da linzami yake gwajinsa a gurabun da babu komai a cikinsu.

Microsoft Access, wanda ƙananan kamfanoni ke ajiye bayanai da shi, ya mayar da batun zaɓi a cikin saitinsa. Ana iya cewa idan an shiga gurbi a zaɓe shi duka, ko a tsaya a farkonsa, ko a ƙarshensa. Wannan na nufin kwamfutoci biyu a ofis ɗaya, masu aiki da rumbun bayanai ɗaya, na iya nuna hali daban, akawun da aka sauya wa tebur ya rasa dalilin da lissafinsa ke karkacewa. A Excel kuwa, bugawa a kan gurbi na maye abin da ke ciki gaba ɗaya, sai an danna F2 sannan ake gyara ba tare da gogewa ba.

Tarkuna uku

Ko an rubuta umarnin, akwai wuraren da yake kufcewa. Na farko shi ne linzami. Idan aka latsa gurbi, abubuwa biyu ne ke faruwa a jere. Gurbin ya karɓi aiki, manhaja ta zaɓi komai, sannan latsawar kanta ta iso ta ajiye layin a inda aka latsa, shuɗin ya ɓace. Sau da yawa ido ba ya ma kama shi. Shi ya sa ake samun manhajar da ke aiki daidai da Tab, amma ta ƙi da linzami. Maganin da magina ke yi shi ne su jinkirta umarnin har sai an gama da latsawar, kuma su taƙaita shi ga latsawar farko, domin ta biyu ta bar mutum ya ajiye layin inda yake so.

Na biyu shi ne dawowa daga wani shafi. Akawu ya rubuta rabin adireshin mai saye, ya leƙa wata manhaja ya duba lambar mota, ya dawo. A wurin kwamfuta wannan ma shiga gurbi ne. Idan umarnin bai bambanta dalilin shigowa ba, zai zaɓi duk abin da aka rubuta, harafin da akawu zai buga na gaba ya share shi. Kayan gini irin su Qt na faɗa wa manhaja dalilin shigowar, ko Tab ne, ko linzami, ko dawowa daga wani shafi, kuma maginin da ya san aikinsa na duba wannan kafin ya zaɓa. Gurbin rubutu na Windows na asali mataki ɗaya kawai yake iya komawa baya da Ctrl da Z, don haka ba kullum ake samun abin da ya ɓace ba.

Na uku shi ne zaɓin da ba a gani. A Windows, gurbin da ba shi ke karɓar rubutu ba yakan ɓoye shuɗinsa, ko da yake zaɓin na nan. Manhaja na iya gano kuskure a lambar waya, ta zaɓi wurin, ta fito da saƙon gargaɗi, amma idan ba ta mayar da aiki ga gurbin ba bayan an rufe saƙon, akawu ba zai ga komai ba. Dole a fara mayar da aiki ga gurbin, ko a saita shi ya riƙa nuna zaɓinsa ko ba shi ke kan aiki ba.

Haruffa masu ƙugiya da alamar naira

Akwai wani tarko da ya shafi masu rubutu da Hausa musamman. A tsarin UTF-8, wanda yawancin bayanan zamani ke tafiya a cikinsa, kowane harafin Ingilishi na cin ma'aunin ajiya ɗaya da ake kira bayit. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar, kowannensu na cin biyu. Sunan garin Ƙanƙara haruffa bakwai ne, amma bayit tara. Alamar naira, ₦, ita kaɗai na cin uku.

Matsala na tasowa ne idan magini ya ƙirga da bayit, kayan aikinsa kuma na ƙirgawa da haruffa. A ce gurbi na ɗauke da ₦45000, ana so a zaɓi lambobin kawai a bar alamar. Daidai shi ne a fara daga 1. Wanda ya ƙirga da bayit zai fara daga 3, sai shuɗin ya rufe sifili ukun ƙarshe kawai, ya bar ₦45 a waje. Akawu ya buga 60000, abin da zai zauna a gurbin shi ne ₦4560000, wato sama da naira miliyan huɗu da rabi a madadin dubu sittin. Hanya mafi aminci ita ce a fitar da alamar kuɗi daga cikin gurbin gaba ɗaya, a rubuta ta a gefensa.

Tsofaffin manhajoji kuma na da nasu ciwon. Gurabun Visual Basic 6 na asali na aiki ne da tsohon jadawalin haruffan Yammacin Turai, wanda babu haruffa masu ƙugiya ko alamar naira a cikinsa. Idan aka manna musu suna kamar Ɗanladi, harafin farko na iya komawa alamar tambaya ko ya rasa ƙugiyarsa. Sannan latsa kalma sau biyu, wanda ke zaɓar kalmar duka, sau da yawa yakan bar alamar da ke gaban kalmomi irin su 'yan da 'ya'ya a waje, ta yadda idan aka maye kalmar, alamar ke saura ita kaɗai. Manhajar da za a yi aiki da ita a Kano ya kamata a gwada ta da sunayen Kano.

Inda ya dace da inda bai dace ba

Ba kowane gurbi ne ke son a zaɓe shi duka ba. Ma'aunin shi ne abin da mai shigowa ya fi zuwa yi. A gurbi gajere da ake sauya shi ɗungurungum, kamar adadi da farashi da nauyi da lambar kaya da gurbin bincike, zaɓar komai shi ne daidai. A gurbi mai tsawo, kamar adireshi ko bayanin kaya ko sharhin mai duba inganci, mai shigowa yawanci gyara ya zo yi ko ƙari, don haka ajiye layin a ƙarshe ya fi aminci.

Akwai kuma tsaka-tsaki, inda sashe kawai ake zaɓa. Windows kanta misali ce. Tun daga Vista, wadda ta fito kasuwa a watan Janairu, 2007, idan aka tashi sauya sunan fayil, sunan kawai ke yin shuɗi, a bar haruffan da ke bayan ɗigo, domin goge su na hana fayil buɗewa yadda ya kamata. Haka za a iya yi wa lambar rasit mai farawa da shekara ko harafin reshe: a bar farkon, a zaɓi sashen da ke sauyawa. Idan kuma manhaja ta ƙi karɓar wani abu, mafi alheri shi ne ta mayar da akawu gurbin, ta zaɓar masa daidai wurin da ke da matsala.

Zaɓin rubutu kuma ba ya wadatarwa shi kaɗai. Gurbin adadi da aka bari babu komai a ciki ya fi wanda aka cika da sifili. Manhaja ta san iyakar abin da zai yiwu, ta tsayar da nauyin da babu motar da ke ɗaukarsa, ta nemi tabbaci idan adadi ya zarce abin da aka saba. Jimillar kuɗi ta fito da manyan lambobi tare da waƙafi tsakanin dubbai kafin a buga takarda.

Gwajin minti goma kafin a biya kuɗi

Mai masana'anta ko manajan sito ba ya bukatar sanin ginin manhaja kafin ya gano waɗannan matsaloli. Kafin a karɓi sabuwar manhaja daga hannun wanda ya gina ta, a buɗe takardar ciniki da ke da lambobi a ciki, a bi gurabun ɗaya bayan ɗaya da Tab, a duba wanne ne ke yin shuɗi. A sake bi da linzami, a ga ko halin ɗaya ne. A rubuta rabin adireshi, a leƙa wata manhaja, a dawo a ci gaba, a ga ko abin da aka rubuta na nan. A haska kaya biyu a jere da na'urar karanta lamba. A shigar da suna mai ƙugiya da farashi mai alamar naira. A buga lambar da ba ta yiwuwa da gangan, a ga inda manhajar za ta mayar da mutum bayan gargaɗi. Idan ofishin na da kwamfuta fiye da ɗaya, a maimaita gwajin a kowacce.

Gyaran mafi yawan abin da za a gano layuka kaɗan ne na umarni, kuma ya fi araha kafin a biya kuɗin ƙarshe na kwangila. Yana da kyau a rubuta halin da ake so ga kowane gurbi a cikin yarjejeniyar tun farko, yadda ake rubuta yawan kwamfutocin da za a sanya wa manhajar.

Wanda ya fi cancanta ya zauna a kan kujerar gwajin kuwa shi ne akawun da zai yi aiki da ita. A ba shi tarin tsofaffin takardun lodi guda ashirin, a bar shi ya shigar da su da saurin da ya saba, idonsa na kan takarda kamar kullum, sannan a gwama abin da ya fito da abin da ke rubuce.